Ranar da Na-Sani Ya Sallami Agogo Bakwai

Masu hikima sun ce ilimi kaya ne mai nauyi, wanda ya ɗauke shi da gaske a sunkuye yake tafiya. Na-Sani a miƙe yake tafiya, wani lokaci har da ɗan tsalle.

Sunan ba na yanka ba ne. Abokan aikinsa ne suka raɗa masa, saboda ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. In ka ce, "Ka ji abin da ya faru jiya..." sai ya ce, "Na sani." An taɓa zuwa gaya masa tayar babur ɗinsa ta sace, ya ce ya sani, ya hau, ya faɗi a bakin ƙofa.

Kamfanin nasu ƙarami ne, ɗaki uku a saman wani shagon taya, injin ƙyanƙyasar ƙwai suke ƙerawa. Akwati ne mai hita da fanka, da ɗan allon lantarki mai faɗin tafin hannu wanda ke auna zafi, ya kunna hita, ya kashe, ya nuna lamba a sikirin. Hita da fanka wutar gida suke sha, allon kuwa da ɗan batirinsa. A cikin allon akwai kanel, wato uwar manhajar da ke raba wa kowane sashe aikinsa. Shekara shida wata mata ce ke kula da kanel ɗin, kowa Yaya yake ce mata, har Manaja da ya girme ta. Ranar da Yaya ta tafi hutun haihuwa, Na-Sani ya ja kujerarta zuwa teburinsa, wai tasa tana ƙara.

Ran Litinin Manaja ya tara su, ya baje takardu.

"Ƙorafin dai ɗaya ne kullum. Batirin allo ba ya wuce mako guda. Masu kaji sun gaji da canji."

"Na sani," in ji Na-Sani. "Kuma na san mai laifin. Agogo ne."

Manaja, wanda gwanintarsa a saye da sayarwa take, ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Ba wancan ba, ranka ya daɗe. Na cikin allo. Shi ba lokaci yake faɗa ba, bugu yake yi kamar zuciya. Kowane sashe da nasa bugun. In ya buga, sashen ya motsa. In ya tsaya, sashen ya sandare a yadda aka same shi. Arba'in da ɗaya ne a allon nan, kowanne yana shan batir. Shi ya sa kanel, da zarar ya gama tashi, sai ya zagaya ya kashe duk agogon da bai ga mai amfani da shi ba."

Duk wannan gaskiya ne. Abin da ke sa Na-Sani haɗari ke nan: rabin farko na maganarsa kullum daidai yake.

"To amma akwai guda bakwai," ya ci gaba, "da Yaya ta sa musu alama, wai komai rintsi kada kanel ya kashe su. Na duba, ba mai amfani da ko ɗaya. Ma'aikatan bogi ne, suna ci suna barci."

Mai Dalma, wanda ke liƙa wayoyi a kusurwar ɗakin tun kafin a ɗauki Na-Sani aiki, bai ɗago daga abin da yake yi ba.

"Ai ta rubuta dalili a gefen kowanne."

"Ta rubuta 'kada a taɓa'. Wannan ba dalili ba ne, camfi ne. Kakata ma ta hana mu zama a bakin ƙofa, ga ni da raina."

"Akwai layi na biyu a ƙasa."

"Na sani."

Layi na biyun cewa ya yi akwai sassan da ke rayuwa da bugun nan ba tare da sun kai sunansu wurin kanel ba, don haka shi ba ya ganinsu, amma suna nan. Na-Sani bai taɓa sauka zuwa layi na biyu a rubutun kowa ba. A ganinsa, wanda bai gama maganarsa a layin farko ba, ba shi da ita.

"In ka kashe su, batirin zai kai wata guda?" in ji Manaja.

Na-Sani ya yi murmushin tausayi. "Shekara."

Ran Talata ya cire alama ta farko. Allon ya tashi, ya nuna zafin ɗakin, sannan saƙonni suka fara zubowa a kwamfutarsa ta wayar da allon ke kai ƙorafi, layi bayan layi, duk abu ɗaya suke faɗa: ma'aunin zafi ya daina amsawa. Na-Sani ya zuba musu ido na ɗan lokaci, ya nemo agogon da ke motsa wayar ƙorafin, ya cire tasa alamar. Saƙonnin suka tsaya cak.

"Malam, zo ka gani," ya kira Mai Dalma. "Ɗazu kuskure ɗari huɗu. Yanzu ko ɗaya."

"Ka gyara ne?"

"Kana ganin wani kuskure?"

"Ba na gani. Maƙwabcina ma ya daina tari tun ranar da muka kai shi makwancinsa."

Ran Laraba ya cire ta uku da ta huɗu. Sai allon ya shiga wata sabuwar ɗabi'a: ya tashi, ya yi ƙara ɗit, ya mutu, ya sake tashi, duk bayan daƙiƙa goma. Mai shagon taya ya hawo bene da kansa ya tambaya ko wani ne ke ja da baya da mota a ofishin. Na-Sani ya bincika, ya kuwa gano. Akwai wani sashe da ake kira mai gadi, aikinsa ya riƙa jiran kanel ya taɓa shi lokaci-lokaci. In ya ji shiru, ya san abin ya sandare, sai ya tayar da allon daga farko.

"Ga ɓarawon," in ji Na-Sani. "Mutum na son ya huta, shi yana tashinsa."

"Ba hutu yake ba," in ji Mai Dalma. "Suma yake, wancan na yayyafa masa ruwa."

"Kai dai liƙa wayarka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Haka ne. Maƙwabcin mai akuya ma da ya sayi kura haka ya ce."

Na-Sani ya kashe agogon mai gadi. Ƙarar ta tsaya. Da ya ga hanya ta buɗe, sai ya haɗa biyun da suka rage ya sallame su tare, har da na memori, wato ma'ajiyar da kanel kansa ke aiki da ita, don kada a ce ya nuna bambanci.

Ran Alhamis ya kira Manaja ya zo ya ga aiki. Allon na kan tebur, ba a haɗa shi da hita ba, wata 'yar jar fitila aka sa a madadinta. Ya kunna. Sikirin ya nuna ashirin da tara, jar fitila ta kama, shi ke nan. Allurar mitar da ke auna abin da allon ke sha ta faɗi ƙasa ta kwanta kamar an yi mata rasuwa.

"Ka ga wannan, ranka ya daɗe? Ko agogon hannunka ya fi shi ci."

Manaja ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai. Lamba ƙarama abu ne da yake ganewa.

Mai Dalma ya taso da ƙarfen liƙinsa mai zafi, ya kai shi dab da ma'aunin zafin, ya riƙe har robar wurin ta fara wari. Sikirin ya ce ashirin da tara.

"Ka gani?" in ji Na-Sani. "Natsuwa. Na Yaya da ka hura masa iska sai lamba ta yi rawa. Nawa ko gezau."

"Jar fitilar fa? Tun ɗazu ba ta mutu ba. Da can kamawa take tana saki."

"Alamar lafiya ce. Wutar da ke ƙyaftawa ita ce mai matsala, tambayi kowa."

Manaja ya sosa ƙeya. Ya ce abin ya yi kyau, amma a gwada shi a akwatin da ba komai ciki na mako guda, ko kuma a jira Yaya. Na-Sani ya ce to. A zuciyarsa kuwa ya riga ya ga inda za a je: Yaya ta dawo, ta karanta, ta ɗaga gira, a mayar da kujera. Gwaji a akwati fanko aikin marasa imani ne. Shi ƙwai yake so, da shaidu.

Yana kuwa da duka biyun a gida. Surukinsa tsohon ma'aikaci ne da ya koma kiwon kaji, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu kaji ta unguwarsu. Yana da injin kamfanin guda ɗaya, kuma kwana biyu ke nan da ya zuba masa ƙwai ɗari biyu da arba'in na wani irin kaji da ya yi wata huɗu yana jiran a kawo masa. Kowane ƙwai ya sa masa lamba da fensir. Tsohon bai taɓa yarda cewa abin da mijin 'yarsa ke yi aiki ba ne. In an tambaye shi, sai ya ce, "Danne-danne yake yi a saman shagon taya." Shekara biyar maganar nan tana ci wa Na-Sani tuwo a ƙwarya.

Da ya gaya wa matarsa shirinsa, tana ninke kayan yara, ba ta ko tsaya ba.

"Baban yara, injin Baba lafiyarsa ƙalau."

"Lafiya ƙalau a idon wanda bai sani ba."

"Haka ka ce da firjina."

"Firjin nan dama..."

"Yanzu takalma nake ajiyewa a ciki. Ka taɓa duk abin da ka ga dama a duniyar nan, ban da ƙwan Baba. Ni kaina da ya haifa ban kai su daraja ba a watan nan."

"Na sani," in ji Na-Sani, ya sa allon a jaka.

Ran Asabar ƙungiyar ke taro a gidan tsohon da ƙarfe huɗu. Ƙarfe tara na safe Na-Sani ya isa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yi bayani. Tsohon ya saurare shi da fuskar mai sauraron mai tallar maganin gargajiya.

"Me zai ƙara min?"

"Shekara guda, Baba, ba ka sayi batir ba."

Nan ne tsohon ya gyara zama. Ba marowaci ba ne, amma hawa kujera duk mako don canza batir ya ishi gwiwoyinsa.

"Ƙwan fa?"

"Ba za su ma san an yi ba."

Cikin minti biyar ya cire tsohon allo ya ɗaura nasa. Ya kunna. Kanel ya tashi, ya karanta zafin akwatin, ya rubuta talatin da bakwai da rabi a sikirin, ya kunna hita don ya cike ɗan zafin da ya tsere. Sannan ya zagaya ya kashe duk agogon da bai ga mai shi ba, kamar yadda aka umarce shi, shi ma ya bi su ya sandare. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Hita kuwa, da yake a kunne aka same ta, a kunne ta sandare.

"Fankar ta yi shiru," in ji tsohon.

"Sabon tsari ne, Baba. Ba ta aiki sai da dalili. Abu ɗaya kawai, kada a buɗe ƙofar nan, zafi zai fita."

"Ni za ka koya wa? Ko uwar yaran nan ba ta buɗe ta."

Na-Sani ya koma gida ya sa aka goge masa babbar riga. Ya buga wa Manaja waya ya gayyace shi, ya ce ya taho da Mai Dalma, don akwai mutanen da sai sun gani da idonsu.

Ƙarfe huɗu tsakar gidan ya cika. Masu kaji goma sha tara a kan benci da kujerun roba, injin a ƙarƙashin rumfa, Na-Sani tsaye a gefensa da hannu ɗaya a ƙugu. Ya fara da tarihin lantarki. Ya bi ta kan agogo arba'in da ɗaya, ya kira bakwai ɗin da sunayensu kamar mai karanta jerin waɗanda aka kora daga aiki.

"Ku dubi lambar nan. Tun tara na safe talatin da bakwai da rabi. Wa ya taɓa ganin injin da ya riƙe zafi haka?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Tsohon ma, a karon farko cikin shekara biyar, ya dubi surukinsa kamar mai shirin sauya ra'ayi.

Sai kyanwar gidan ta zo ta zauna a gaban injin. Can wata ta diro daga katanga ta zauna kusa da ita. Ta uku ba a san ta a unguwar ba.

"Suna son fasaha," in ji Na-Sani. Aka yi dariya.

Maƙwabciya ta leƙo ta saman katanga. "Sannunku da taro. Alhaji, walima ake ba a gaya mana ba? Tun azahar nake jin ƙamshi."

"Wane ƙamshi?" in ji tsohon.

Masu kaji goma sha tara suka ja hanci a tare. Mutane ne da suka san ƙwai a kowane hali.

Wani dogo mai kajin gidan gona ya tashi ya ɗora tafinsa a jikin akwatin, ya janye da sauri, ya sa yatsun a baki.

"Injiniya, abin nan fa da zafi."

"Na sani. Zafin waje ne. Yana korar zafin zuwa bango don ciki ya zauna daidai. Dubi lamba."

"Na ga lamba. Hannuna bai iya karatu ba."

"In da matsala ai da ƙararrawa ta yi kuka."

"Da wane bugun za ta yi kukan?" in ji Mai Dalma daga bayan benci. Tun isowarsa bai zauna ba.

Tsohon ya miƙe a hankali. "Kashe shi."

"Baba, in aka kashe yanzu gwajin zai..."

"Kashe shi, na ce."

Na-Sani ya danna maɓallin kashewa. Ba abin da ya faru. Ya sake dannawa, ya riƙe, ya danna da babban yatsa, ya danna da biyu. Maɓallin ma da bugu yake jin an taɓa shi. Sikirin ya ci gaba da cewa talatin da bakwai da rabi, cikin natsuwar da aka yi ta yabo.

Manaja ya riga ya buga wa Yaya, ya sa wayar a lasifika don kowa ya ji. Aka ji kukan jariri, sannan muryarta.

"Guda nawa ya cire?"

"Wai bakwai."

"Duka? Har da mai gadi?"

"Shi ya ce yana damun mutane."

"Hitar a kunne take lokacin?"

Manaja ya dubi Na-Sani. Kowa ya dubi Na-Sani. Ya buɗe baki, kalmomin nan biyu da ya saba suka zo har bakin haƙora, suka leƙo, suka koma.

"To ku zare waya daga soket," in ji Yaya. "Sannan ku nemo gishiri. Ku gai da Baba, ku ce ina masa jaje."

Mai Dalma ya zare wayar. Tsohon ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe ƙofar da ko matarsa ba ta buɗewa. Tururi ya fito ya bi ta kan shugabannin ƙungiya. Ƙwan na nan a jere, kowanne da lambarsa ta fensir, ba wanda ya fashe. Wani dattijo mai gemu ya ɗauki lamba sittin da uku, ya yi ta jefa shi daga hannu zuwa hannu, ya ƙwanƙwasa a gefen benci, ya ɓare, ya raba biyu, ya duba gwaiduwar a fuskar rana.

"Ya nuna har ciki," ya ce. "Gaskiya injin ya riƙe zafi."

Ba wanda ya yi dariya, saboda fuskar mai gida. Tsohon ya daɗe yana kallon tiren ƙwan. Sannan ya juya ga surukinsa, ya yi magana a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya.

"Ka ce ba za su san an yi ba."

"Baba, a ƙa'ida..."

"Ba su sani ba kam. Na shaida." Ya ɗaga murya ya kira cikin gida. "A kawo faranti! Da gishiri, kamar yadda injiniyar ta ce." Ya ɗan dakata a kan kalmar injiniyar, don wanda bai ji ba ya ji.

Aka ci. Masu kaji goma sha tara, da Manaja, da Mai Dalma, da maƙwabciya da 'ya'yanta, da kyanwa uku. Aka aika wa mai shagon taya guda goma. Na-Sani an zuba masa goma sha biyu a faranti na musamman, tsohon ya zauna kusa da shi har ya gama, yana miƙa masa ruwa. Ragowar aka ƙulla masa a leda ya kai gida. Matarsa ta buɗe ledar, ta duba. Ta buɗe firji, ta matsar da takalma, ta ajiye.

Ran Litinin Na-Sani ya tarar da kujerar Yaya ta koma wurinta. Ran Talata, daga gida, da jariri a cinya, Yaya ta mayar da alamu bakwai. A ƙarƙashin kowanne ta ƙara layi na uku: "An gwada. A tambayi Na-Sani." Shi bai gani ba, don ba ya sauka can.

Allon kuwa tsohon bai yarda a mayar da shi kamfani ba. Ya buga ƙusa a bangon falonsa ya rataye shi, daidai inda baƙo zai gani in ya zauna, kuma daidai inda suruki zai gani in ya durƙusa gaisuwa. Damina ta zo ta wuce, zafi ya zo ya wuce, sikirin na cewa talatin da bakwai da rabi.

Shekara guda Na-Sani ya yi alkawari. Batirin ya yi wata goma sha huɗu.